Yadda Mutum Ke Zama Kirista: Amsar Ɗan Wusasa Ga 'Yan'uwansa Na Zango

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili in amsa wata tambaya da 'yan'uwa suka daɗe suna yi mini, waɗansu a fili, waɗansu a kaikaice. Tambayar ita ce, yaya mutum ke zama Kirista, kuma mene ne wannan ceto da muke ta ambato? Kowa ya sani a cikin ƙungiyarmu nan Highbridge ni kaɗai ne in an ta da salla nake koma gefe in tsare takalma. Mutanen Kumasi da na Nima, waɗanda suka tashi suka tarar Bahaushe da Musulmi kalma ɗaya ce, har yau in na buɗe baki da Hausar Zazzau sa'an nan na ce gobe Lahadi zan tafi sujada, sai su dube ni kamar sun ga raƙumi a jirgin ƙasa. Ban rubuto don in ja kowa ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na rubuto ne don kada yaranmu su ɗauki labarin daga takardun tasha kaɗai.

Takardun da nake nufi kun san su. In ka sauko daga jirgi mai lamba 4 a tashar titi na 167 ko na 170, ko kuwa ka bi Ogden Avenue da maraice inda shaguna da yawa suka zama ƙananan majami'u ana ta waƙa da Sifaniyanci, da wuya ka isa gida ba a miƙa maka wata 'yar takarda ba. A bayanta akwai gajeriyar addu'a, an ce in ka karanta ta da zuciya ɗaya shi ke nan, ka tsira. Yaro ya kawo ta gida cikin jakar makaranta, uwa ta gani hankalinta ya tashi, ta yi tsammani in ya karanta da ƙarfi ya fita daga addini ke nan, kamar wanda aka yi wa sammu.

Wannan hanya ta gaggawa tana da tushe a ƙasar nan, kuma tushen ba shi da nisa da ƙofar gidajenmu. Ran 20 ga Yuli 1957 wani mai wa'azi, Billy Graham, ya tara mutum wajen 100,000 a tsohon filin wasa na Yankee, nan gangaren tudunmu, wanda aka rushe bayan an buɗe sabo a tsallaken titi a 2009. Al'adarsa ita ce in ya gama wa'azi sai ya ce duk wanda ya yarda ya nuna a gaban jama'a nan take, a rubuta sunansa a haɗa shi da wata majami'a. A 1960 ya kai wannan wa'azi har Kaduna da Jos. Ba na raina abin, gama na san mutanen kirki da suka fara ta nan. Amma hanyar da na gada, wadda na gani da idona a gidanmu, doguwa ce ƙwarai, kuma ba a tasha ta fara ba.

Ta wajen kakana na uba, labarin ya fara tun kafin Bature ya taka Kano da bindiga. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami ana ce da shi Malam Ibrahim. Shi dai Alƙur'ani ya sani. Yana cikin karatu sai ya tsaya kan wuraren da aka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu, ya dinga tunani a kansu har ya fifita shi, ya kuma tara almajirai a kan haka. Aka kira shi ya janye maganarsa, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka watse zuwa gefen ƙasar Ningi da ƙauyukan Zazzau, mutane suka riƙa ce musu Isawa. Kakana ya ce iyayensu sun bar musu wasiyya cewa akwai littafin da ya ƙunshi sauran labarin, wata rana wani zai zo da shi. Haka suka zauna shekara arba'in da wani abu suna jira.

Can kuwa wani likita ɗan Ingila, Walter Miller, wanda muke kira Likita Mila, ya je Tarabulus ya koyi Hausa wurin fatake da mahajjata. A 1900 ya zo Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya ce su juya, suka juya. A 1905 ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya yi shekaru yana magani yana fassara, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 waɗansu samari daga zuriyar Isawa suka zo ƙofarsa suna tambayar littafin. Ku lura, jama'a, su suka neme shi. Ba dukan Isawa suka karɓa ba, da yawa sun tsaya kan tasu hanya. Waɗanda suka karɓa suka kafa gari a Gimi da makaranta da majami'a, amma ƙudan tsando ya yi musu yawa, ciwon barci ya shiga ya kwashe mutane, ragowar suka tattara zuwa Zariya. Kakana yana cikin marayun da aka kwaso. A 1929 aka fitar da Mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa da azara irin ginin Hausa, bakan gizo da duka, har in ka shiga sai ka ce zauren wani hakimi ne. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa.

Daga wannan ɗan ƙauye Likita R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, da Farfesa Ishaya Audu da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Na ambace su ne kawai don wanda ke cewa Bahaushe in ya zama Kirista ya zama Anasara. Babbar riga suka sa, tuwon dawa suka ci, kuma da sunan Allah suka yi addu'a, gama ba mu da wani suna da muke kiransa da shi a littafinmu sai wannan.

Amma in ana son a ga yadda mutum guda ke shiga, kakata ta wajen uwa ce abin dubawa. Bamagujiya ce, gidansu ana dafa giya, ana yanka wa iskoki baƙin bunsuru a bakin damina. 'Ya'yanta uku na fari duk sun mutu kafin yaye, aka ce wata iska ce ke binta, ta ƙarar da awakinta wajen masu bori. Wata maƙwabciyarta mai bi ta riƙa zuwa tana taya ta daka, tana ba ta labarin Almasihu, ba da gardama ba, sai hira. Abin da ya kama kakata, yadda ta gaya mana, ba maganar Aljanna ba ce. Ta ji an ce akwai wanda ya fi iskoki ƙarfi, kuma ba ya neman bunsuru. Da wannan kaɗai ta fara zuwa ta zauna a bayan jama'a.

Ba su ce mata marhaba ga ruwa ba. Aka sa ta ajin masu nema, ta yi shekara uku a ciki. Dole ta koyi a-ba-ca-da da girmanta don ta karanta Bishara da kanta, kada ta ce ji ta yi. Ta haddace Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da shaidar bangaskiya. Dattawa kuma suna kallon zamanta: ta daina dafa giya? Tana biyan bashi? Yaya take da kishiyar uwarta? Da lokaci ya yi, ta kwaso layu da kayan tsafinta a ƙwarya ta ƙone su a gaban jama'a, hannunta na rawa, don har ran nan tana tsoron abin zai rama. Aka tambaye ta ko ta rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ko ta ba da gaskiya ga Almasihu, ta amsa da bakinta, sa'an nan aka zuba mata ruwa a ka sau uku. Wannan shi ne baftisma. Ubanta ya yi shekara biyu bai amsa gaisuwarta ba.

A nan zan ɗan ratse, don akwai abin da har yanzu ke ci mini rai. Yayan kakata ya riga ta ba da gaskiya, amma yana da mata uku tun kafin ya ji wa'azi. Dokar 'yan Mishan ta zamanin ita ce sai ya sallami biyu kafin a yi masa baftisma. Ya ce ba zai kori uwayen 'ya'yansa ba don a jiƙa masa kai. Ya shekara talatin yana zuwa sujada, shi ke share fili, shi ke kada ƙararrawa, ba ya cin Jibin Ubangiji, har ya mutu a haka. A ganina shi ya fi waɗanda suka hana shi fahimtar littafin.

Na san abin da ake faɗi a majalisa in ba na nan, cewa da allura da boko aka sayi mutanenmu. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Daga wajen 1937 Mishan ta Sudan Interior ta karɓi kula da masu cutar kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, a Nijar kuma ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi tun 1927, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da buta, ya je inda aka kama hannunsa aka wanke masa miki, ba abin mamaki ba ne in ya saurari abin da mai wankin ke faɗi. Waɗansu sun amsa don a ci gaba da ba su magani, da suka warke suka koma gida suka ɗauki tasbahansu. Su ma 'yan Mishan sun san haka, shi ya sa suka tsawaita ajin. Amma dubbai sun sha magani a Galmi da Wusasa sun tafi da addininsu ba wanda ya tare su. Da allura ce ke mai da mutum Kirista, da rabin Gobir ya zama.

To, mene ne ceton? Kalmar tamu ce duka. Bahaushe ya ce an ceci yaro daga rijiya, Musulmi kuma yana fatan ceton Annabi ranar tsayuwa. Mu abin da muke nufi, bari in kwatanta da abin da kowane ɗan Zango ya gada. A zamanin fataucin goro, baƙo in ya sauka Salaga ko Kumasi ba ya da kowa, sai ya sami maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya tsaya masa a kasuwa, in an ba shi kaya lamuni da sunan maigida aka ba shi. In baƙo ya karye, maigida ke biya. Ko nan Niyok wanene a cikinmu ya sami ɗaki a farkon zuwansa ba tare da wani ya sa masa hannu ba? Mu Kirista mun ɗauka zunubi bashi ne da ɗan Adam ya ci wanda ba ya iya biya, ko da ya kwana yana aikin lada, domin cutar tana cikin zuciya, ba a lissafin ayyuka kaɗai take ba. Mun gaskata Yesu Almasihu ya tsaya mana, ya biya da ransa a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. Ceto a wurinmu kyauta ce, ba lada ba. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya yarda an biya masa, ya juyo daga tsohuwar hanya, watau tuba, ya kuma shiga gidan maigidan a idon jama'a, watau baftisma. Aikin kirki yana biyowa baya, kamar yadda baƙon da aka fitar daga kunya ba ya sake zubar da mutuncin gidan da ya rufa masa asiri.

Allah ya gafarta malamanmu, na san nan ne muka rabu. Ku kun riƙe cewa Annabi Isa manzo ne mai girma, an haife shi ba uba, amma ba a gicciye shi ba, kuma ba mai ɗaukar nauyin wani. Mu mun riƙe cewa an gicciye shi, kuma a kan wannan komai namu ya rataya. Ba zan shafa wa bambancin man shanu ba, gama babba ne. Abu guda kawai nake roƙo a gyara: ba mu ce alloli uku ba, ba mu kuma ce Allah ya yi aure ya haihu ba. Allah ɗaya muke bauta wa. Yadda muke fahimtar ɗayantakarsa ne ya saɓa da naku, kuma wannan magana ce ta zaman tabarma, ba ta takarda mai shafi huɗu ba.

Mu kanmu ba bakinmu ɗaya ba kan yadda ake shiga. Tun 1517, sa'ad da Martin Luther ya ta da gardama a Jamus, ake jayayya kan matsayin bangaskiya da na aiki. 'Yan Katolika, irin na majami'ar Sacred Heart da ke Shakespeare Avenue, suna sa babba ya yi watanni a aji, a yi masa baftisma daren Ista. ECWA, wadda ta tsiro daga Mishan ta Sudan Interior a 1954, da 'yan Baftis, ba sa yi wa jariri, sai mutum ya yi hankali ya shaida da bakinsa, sa'an nan a nutsar da shi cikin ruwa ɗungum. Mu na Wusasa ana yi mana muna cikin zanen goyo, in mun tasa Bishop ya ɗora mana hannu mu ɗauki alkawarin da kanmu. Amma duk cikinsu ba wanda ya koyar cewa karanta rubutu a bayan takarda ba tare da zuciya ba yana mai da mutum wani abu. Don haka uwar da ta ga takardar tasha a jakar ɗanta ta kwantar da hankalinta.

Ni kaina fa? An yi mini baftisma ban san ana yi ba, Bishop ya ɗora mini hannu ina shekara 14, abin da na fi tunawa a ranar shi ne sabon takalmi yana cizona. In an tambaye ni ranar da na zama Kirista ba ni da rana irin ta mutanen filin Yankee. Amma akwai lokacin da abin da na gada ya zama nawa. Mahaifiyata ta rasu a tsakiyar hunturu, takarduna suna hannun hukuma, in na fita ƙasar ba dawowa. Aka binne ta ina kallo ta waya. Na yi makonni ina tuƙa tasi da dare, in na tashi da safe sai in hau tsohuwar gadar nan da unguwarmu ta ci sunanta, wadda aka gama a 1848 don ta kai ruwa Manhattan, aka sake buɗe ta ga masu tafiya a ƙasa a 2015. In tsaya bisa kogin Harlem ina tambayar kaina ko abin da ta koya mini gaskiya ne ko kuwa tatsuniyar gida ce. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai koma na karanta Bisharar Yahaya da Hausa daga fari har ƙarshe, sau da yawa, na ga ba ni da wani wurin jingina da ya wuce wanda ita ta jingina, na kuma faɗa wa Allah haka da bakina. Nauyin bai tafi rana ɗaya ba, amma ya daina danne ni. Kuma ban manta ba, ku kuka cika ɗakina kwana uku, mata suka kawo koko da ƙosai da shinkafa da wake, Liman ya hau bene hawa biyar da ciwon gwiwarsa ya yi mini ta'aziyya.

Kada kuma in ɓoye tsadar abin. Wanda aka haifa a gidan Musulmi in ya bi wannan hanya, sunan abin a wurinku ridda, kuma na ga waɗanda suka rasa mata da 'ya'ya da gado a kanta. Mu ma in ɗiyarmu ta musulunta kuka ake yi a gida, an yi a namu, ƙanwata ce, yau Hajiya ce a Tudun Wada kuma muna waya kowace Juma'a. Ina saurayi a watan Maris 1987 rikici ya tashi a kwalejin horon malamai ta Kafanchan kan wa'azin wani da ya bar Musulunci, aka ƙone masallatai a can, wutar ta zo Zariya da Wusasa aka ƙone majami'u da yawa. Maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye mu a rumbunsa. Shi ya sa mai wa'azin da ke tsayawa a tasha yana zagin addinin mutane da lasifika ba ya burge ni ko kaɗan. Bai taɓa kwana a rumbu ba.

Saura magana ɗaya, wadda na ji ana raɗa tun da aka sabunta dokar asusun jana'iza. An ce in ɗan Wusasa ya mutu yaya za a yi da shi, tun da ba a yi masa salla? Kuɗina na wata-wata ban taɓa fashi ba, Ma'aji shaida ne. Ba na neman a yi mini wanka ko a jera sahu a kaina, wannan aikin Fasto ne da jama'arsa, kuma na riga na bar wasiyya a rubuce. Abin da nake nema a wurin ƙungiya shi ne abin da ake yi wa kowa: a biya kason jirgi, a raka akwatin zuwa filin jirgin sama na Kennedy, a zauna da maiɗakina kwana uku. Wurina yana nan Wusasa kusa da kakata. Ina roƙon Shugaba da 'yan kwamiti su sa maganar cikin ajandar taron wata mai zuwa, a yanke ta ina raye ina ji, a rubuta a littafi.

Wanda kuma ke da sauran tambaya, babba ko yaro, ina gida kowace Asabar bayan La'asar. Yaro ya zo da izinin ubansa, in ya yiwu ma su zo tare. Akwai shayi, akwai buta da darduma a kusurwa don baƙi. Haza wasalam.

Naku,
Ɗan Wusasa, Highbridge.